Faranti Babu Fim

Ku da kuke koyon aikin ɗaukar hoton ƙashi yanzu, na ji ɗayanku yana cewa ai aikin bai wuce a tsayar da mutum a danna maɓalli ba. Ban yi masa gardama ba, don ni ma da na shiga haka na ɗauka. Jikata Alheri, wadda ke ajinku, ta nuna mini a wayarta wani injin da ake maganin ciwon daji da shi a ƙasashen waje, wai hasken furoton. Ta ce ana auna shi ya shiga jiki ya tsaya daidai kan ƙarin, ba ya wucewa ya ƙona naman da ke bayansa, kuma tun ina saurayi ake gwada shi can. To mu a Kafanchan ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Haske biyu muka sani: na ɗaukar hoto, wanda ke hannuna, da na kashe ciwo, wanda ke Legas. A tsakanin waɗannan biyun na yi abin kunyar da zan gaya muku. Amma bari in fara da aikin, don wanda bai san aikin ba, ba zai gane girman laifin ba.

Shekara guda bayan yaƙin basasa aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin asibitin mishan da ke wajen gari. Sunana Luka, a lokacin ban cika ashirin ba. Na yi wata shida ina shara da wankin kwalabe a ɗakin maza, sai sista mai kula da ma'aikata ta lura ina karanta Turanci, ta tura ni wurin Baba Istifanus, mai ɗakin eksire. Dattijo ne gajere, ba ya son yawan magana, a soja ya koyi aikin. Ranar farko bai nuna mini injin ba, hannunsa na hagu ya nuna mini. Yatsu biyu sun bushe sun yi baƙi, faratansu sun tsattsage kamar ɓawon itace. Ya ce shekarun da ya yi yana riƙe yara a ƙarƙashin hasken babu safar dalma ne suka cinye su. Daga nan ya rataya mini rigar dalma, mai nauyin rabin buhun gishiri, ya sa na yini da ita.

Hoton da na fara wankewa da hannuna na wani manomin citta ne da ya faɗo daga saman lodin mota, ya dafa ƙasa, wuyan hannunsa ya kumbura kamar gwanda. Baba ya auna kaurin hannun da ma'aunin katako, ya duba littafinsa, ya murɗa injin, ya ɗauka, ya miƙo mini farantin. Faranti shi ne akwatin ƙarfe mai faɗi da ake sa fim a ciki, ba a buɗe shi sai a ɗakin duhu. Ɗakin namu taku uku ne da taku huɗu, da jar fitila guda da tankuna uku: na ruwan da ke fito da hoton, na ɗauraya, da na ruwan da ke kama shi kada ya goge. Agogon ɗakin ya daɗe da mutuwa, don haka da waƙar majami'a Baba ke auna lokaci, baiti uku da sanyi, baiti biyu da zafi. Ni kuwa ina ɗokin ganin ƙashi, ko baiti ɗaya ban kai ƙarshensa ba na zare fim. Ya fito fari-fari kamar an shafa masa koko, ba a ganin karaya, ba a ganin komai.

Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi wanda ya ɓata fim shi ke fita ya faɗa. Na fita na gaya wa mutumin da bakina cewa sai an sake juya hannun nan nasa an kwantar a kan tebur, kuma laifina ne. Gumi na zubo masa, ya ce ba komai, ɗana. Na kwantar da hannun, na sake ɗauka.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Ma'aikatan jirgin ƙasa da tarago ya matse wa ƙafa, masu tarin fuka da ake ɗaukar ƙirjinsu duk bayan wata uku, yaran da suka haɗiye kwabo, tsofaffin da ba sa cire laya ko tsakiya sai an yi rabin awa ana lallashi. Wani tsoho daga kan dutse ya ƙi shiga sam, wai an ce injin yana ƙirga kwanakin da suka rage wa mutum. Amma waɗanda suka fi yawa su ne masu fitowa suna miƙa, suna cewa har sun ji sauƙi. Mutum ya yini a hanya, ya tsaya gaban ƙaton ƙarfe mai ƙugi, an ce ya riƙe numfashi, janareto ya canza murya. Ta yaya zai yarda ba a yi masa komai ba? Baba ba ya barin wannan ta wuce. Ko mutum ya kai ƙofa sai ya kira shi ya dawo.

"Injin nan ido ne, ba hannu ba," haka yake cewa. "Ya gani, bai taɓa ba. Je ka wurin Likita ya ba ka magani."

A lokacin ina ganin taurin rai ne kawai irin na tsohon soja. Mutum ya ji daɗi, me zai sa ka ƙwace masa?

Ciwon daji kuwa, sai ya ci ya ƙoshi ake kawo mana shi. Mace ta ji ƙullutu a nono, sai a ce jifa ne, ko yaro ne ya yi gyatsa a kai, ko kuɗin da take cusawa a rigar mama. A tsaga, a zuba gari, a ɗaure da ganye. Idan ya fashe a ware mata kwano da tabarma, wai yana kama mutane, alhali ko gado ɗaya kuke kwana ba ya kama kowa. Har mu 'yan majami'a da muke cewa mun bar waɗannan, akwai masu raɗa cewa wani zunubi ne aka ɓoye. Kuma kowa ya yarda da abu biyu. Na farko, daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata. Na biyu, a Legas gasa mutum ake yi kamar tsire, wanda ya tafi ba ya dawowa. Gaskiyar maganar, ba a tafiya ne sai an makara. Likitanmu, wani Bature da ya daɗe a ƙasar har yana wa'azi da Hausa, ya sha faɗa cewa wadda aka cire wa da wuri, aka bi wurin da haske, takan yi shekaru masu yawa. Amma Legas kwana biyu ce a jirgin ƙasa, kuma can kaɗai muka san akwai injin.

Shekarar da jiragen ruwa suka yi cunkoso a tashar Legas kaya suka ƙi fitowa, ita ce mummunar shekararmu. Na shekara huɗu a ɗakin. Idon Baba ya raunana, ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu, aka bar mini mabuɗi. Fim ya yanke. Na yi ta yanka babban fim gida huɗu, har ya rage kwali guda, aka kulle shi a kabad aka ce sai da sa hannun likita. Ruwan wankin hoto ya tsufa ya koma kamar shayi, sai in rera baiti biyar ƙashi bai fito ba. Lokacin hutun Likita kuma ya zo, zai tafi ƙasarsu wata shida, wanda zai riƙe masa mutum ɗaya ne da asibiti biyu, Talata da Juma'a kawai yake zuwa. A shekarar nan mutane suka fara ce mini Likitan Haske. Ban taɓa ce wa kowa ya daina ba.

Sati biyu kafin tafiyar Likita aka kawo mini katin Malama Rifkatu, hoton ƙirji. Malamar aji uku ce a wata firamare kusa da Gidan Waya, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a majami'arsu. 'Ya'yanta huɗu. Mijinta, Malam Bulus, ma'aikacin gyaran layin dogo ne. Ita ba ta bi hanyar da kowa ke bi ba. Tana jin ƙullutun ta zo asibiti, ta toshe kunne ga surukarta, ta yarda aka cire nonon hagu. Ɗinki ya warke lafiya. Likita ya rubuta mata takarda zuwa Legas, ya ce ta tafi cikin wata guda a bi wurin da haske, saboda abin da wuƙa ba ta gani ba. Hoton da zan ɗauka na duba huhu ne, ta tafi da shi.

Na tsayar da ita, na ɗora haɓarta a kan faranti, na kunna ƙaramar fitilar da ke zana murabba'i a jikin mutum don a san inda za a ɗauka. Na ce ta ja numfashi ta riƙe. Injin ya yi ƙuginsa. Na wanke, hoto ya fito tas, huhu babu tabo ko ɗaya. Tana gyara ɗankwalinta ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko wannan hasken da na Legas ba abu ɗaya ba ne.

Amsar tana bakina, na ji ta daga Baba ya fi sau ɗari. Amma na dubi matar da yara ke miƙewa tsaye idan ta shiga aji, tana kallona kamar ni ne malamin, sai na ce, "Dangi ɗaya ne, Malama. Na can dai ya fi ƙarfi."

Ba ƙarya ce tsantsa ba, shi ya sa ba ta yi mini nauyi a baki ba. Ta ce to idan dangi ɗaya ne, ai mai rauni sau da yawa zai yi aikin mai ƙarfi, kamar yadda ƙwayar yara biyu ke zama ta babba guda. Ta ce ba ta san kowa a Legas ba, autarta shekara biyu, kuma matar da ta sani ta tafi can ko gawarta ba a dawo da ita ba. Na ce zan duba. Wannan "zan duba" ita ta ɗauka a matsayin na yarda.

Asabar ta farko a watan da ya biyo, Likita ya riga ya tafi, sai ga ta a kan benci da jakarta, babu kati. Na san hasken hoto ba zai yi wa ciwon komai ba. Na kuma san zuba wa mutum shi a banza cuta ne, ai na ga yatsun Baba. Sai na yi dabara, a lokacin har ina yaba wa kaina. Na ɗauko faranti babu fim na kafa. Na juyo da ita, na haska ƙaramar fitila a kan tabon ɗinkin, na danna maɓalli rabi, inda injin ke ƙugi yana shiri amma bai saki komai ba. Na ƙirga goma na ɗaga yatsa. Har rigar dalma na sa, don abin ya yi kama.

Ta fito tana cewa ta ji ɗumin ya shiga har ƙashi. Ta ajiye mini mudun acca biyu a bakin ƙofa, na kai gida aka dafa, na ci. Na ce wa kaina idan Likita ya dawo zai san yadda zai yi da ita, ni dai na kwantar mata da hankali kafin nan. Hutun Likita ya zarce, ta zo sau bakwai. Takardar Legas tana cikin Littafinta Mai Tsarki, na gan ta da idona ranar da ta buɗe za ta nuna mini wata aya. A zuwa na biyar ta ce hammatarta ta ɗan yi tauri, na ce hasken ne ke aiki. A zuwa na shida ta taho da Malam Bulus, mutumin da ya girme ni da shekara ashirin, ya cire hularsa ya yi mini godiya, ya ce Ubangiji ya ƙara mini sani.

Wata Talata da safe, sati guda da dawowar Likita, ina cikin ɗakin duhu aka ƙwanƙwasa aka ce yana kirana. Na tarar da Malama a kwance a kan gadon dubawa an lulluɓe ta da zane, mijinta na tsaye a jikin bango. Likita ya ɗaga zanen kaɗan don in gani. Ƙulle-ƙulle sun jeru a kan tabon kamar gyaɗa, hammata ta cika, hannun hagu ya fi na dama kauri. Ya tambaye ta takardar da aka ba ta daga Legas, ta ce ai ba sai ta je ba, Malam Luka yana ba ta hasken a nan duk wata.

Tsoron Likita shi ne na zuba mata hasken da ya wuce kima. Ya ɗauko takarda da alƙalami, ya ce in faɗa masa nawa na murɗa injin, daƙiƙa nawa, sau nawa. Na amsa da Turanci, can ƙasa, cewa ban ba ta komai ba. Malama ta ji, ta rufe ido. Malam Bulus ne bai gane ba, yana duban bakunanmu. Likita ya ajiye alƙalamin ya ce in maimaita da Hausa, kuma mijin zan kalla, ba shi ba.

Na dubi Malam Bulus na ce, "Baba, ban ba ta komai ba. Farantin babu fim. Injin ban sake shi ba ko sau ɗaya."

Ya ce, "To ɗumin da take ji fa?"

Na ce fitila ce.

Ya sa hularsa ya fita. Ta taga na gan shi tsaye a gindin mangwaro, ya juya wa asibitin baya.

Ranar aka fitar da fim daga kabad aka ce in sake ɗaukar ƙirjinta. Ni na tsayar da ita, ni na ce ta riƙe numfashi, wannan karon na danna har ƙasa. Ni na wanke. Na ɗaga sabon hoton kusa da na wata takwas da suka wuce, wanda na yi alfahari da fitowarsa. A sabon akwai farin tabo biyu a huhun dama, kowanne kamar kwabo. Kuna karanta irin wannan a littafi. Ni da hannuna na ɗauki na farko, na ɗauki na biyu, kuma ni ne abin da ya faru a tsakaninsu.

Kwamitin asibiti ya zauna. Ba a kore ni ba, ba don na cancanta ba, sai don babu wani mai iya tayar da injin daga nan har Jos. Likita ya ce hukuncina shi ne in raka su Legas, in riƙe hotunan biyu, in ga abin da na hana ta. Muka hau jirgi a tashar Kafanchan, muka canza a Kaduna. Kwana biyu muna hanya. Duk tashar da aka tsaya in sauka in ɗebo ruwa, Malam Bulus ya karɓi gorar ba tare da ya dube ni ba. Malama ce kawai ke cewa sannu.

A Legas na ga hasken gaske. Bangon ɗakin ya fi tsawon hannuna kauri, ƙofar sai da hannu biyu ake tura ta, kuma babu mai tsayawa a ciki sai majiyyaci. Ma'aikaciyar wurin, wata mace mai tabarau, ta yi kusan awa guda tana aunawa da rula, tana zana jikin Malama da shunin tawada, tana lissafi a takarda, duk don hasken minti kaɗan. Da Malama ta fito na ji tana gaya wa mijinta cewa ba ta ji komai ba, ko ɗumi babu. Ma'aikaciyar ta duba kwanan watan da ke kan takardar Likita, ta tambayi inda matar nan ta tsaya wata takwas. Na ce ni na tsare ta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da aikinta. Likitan can ya ce za su ba ta na sati biyu don kumburi ya sauka zafi ya ragu, amma maganar warkewa ta wuce.

Ba a gasa kowa ba. A kan bencin jira akwai wata 'yar kasuwa da aka yi wa irin aikin shekara uku baya, ta zo a duba ta ne kawai, da tiren kayanta a gefe, tana mita an ɓata mata ciniki. Malama ta matsa kusa da ita, ta yi ta yi mata tambayoyi da Turanci: yaushe aka yanka, yaushe ta zo, 'ya'yanta nawa. Ni ina ƙarshen bencin da ambulan ɗin hotuna a cinya.

Bayan mun dawo hannun ya saɓe, har ta koma aji ta yi zangon karatu guda. Da ƙarfinta ya fara ƙarewa ta aiko a kira ni. Na hau keke na je wata Asabar da la'asar. Tana zaune a kujerar katako a tsakar gida, an tokare ta da matashi, autarta na wasa da gwangwani a ƙafarta. Na durƙusa na fara neman gafara, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

Ta ce, "Luka, shekara goma sha biyar ina koyarwa. Na san yaron da ke ba da amsar da yake ganin malami na so. Tun zuwa na biyu na lura ba ka shiga ɗakin duhu da farantin. Ina tsoron Legas, kai kuma kana son a ce maka Likita, sai muka taimaki juna. Nawa laifin na kai wa Ubangiji. Ba wannan ya sa na kira ka ba."

Ta huta, sannan ta gaya mini. A watan da ta zo na huɗu an yi taron zumuntar mata na majami'u da yawa. Ta miƙe a gaban mata cike da ɗaki ta ba da shaida cewa Allah ya kawo hasken Legas har Kafanchan, kada wata ta wahalar da kanta da doguwar tafiya, a je wurin Malam Luka. An yi tafi, an yi guɗa, kowace ta koma ƙauyensu da labarin.

"Ni na faɗa da bakina," in ji ta. "Yanzu ba ni da ƙafar da zan bi su. Kai kana da ita."

Ta sa aka rubuta mini sunayen majami'un, goma sha ɗaya. Duk Lahadi in ɗaure farantin a bayan keke in tafi ɗaya. In roƙi Fasto minti biyar bayan sanarwa, in tsaya gaban mata, sa'o'in uwata, in buɗe farantin in nuna musu cikinsa fayau. In faɗi abin da na yi da sunana. In ce injina ido ne, ba hannu ba. In ce daji ba jifa ba ne, ba ya kama mai jinya, wuƙa ba ta fusata shi, kuma na ga Legas da idona, ba a gasa kowa. A wani wuri aka yi dariya. A wani wurin kuma wata tsohuwa ta tofar da yawu a gaban takalmina. Wani Fasto ya hana ni magana, ya ce zan ɓata shaidar baiwar Allah, sai na jira aka tashi na tsaya a bakin ƙofa. Ina majami'a ta takwas Malama ta rasu. A wurin biso Malam Bulus ya amsa gaisuwata da kai, kuma har ya bar duniya bai wuce haka ba. Na ƙarasa sauran ukun.

Amma magana ta fi keke gudu. Shekara guda bayan biso, ranar kasuwa da hantsi, na fito da hoton wani mai karayar cinya sai na tarar da wata mata a kan benci, da kaza a ɗaure a gefenta. Sunanta Saratu, manomiyar citta daga wajen Kagarko, ta canza mota uku kafin ta iso. Hausarta irin ta ƙauyukanmu ce.

Ta ce, "Malama ya ce kai ne kana ba da haske. Ni ma ka ba ni."

Ta nuna mini wurin ta saman riga. Ƙullutun ƙarami ne, bai fi wata biyu ba. Na gaya mata babu wani haske a nan sai na hoto. Ta durƙusa ta turo kazar. Na shiga na ɗauko farantin na buɗe mata, na gaya mata Malama ta rasu, kuma ni na jawo. Ta ce ƙarya ne, don ita ba ta yi boko ba shi ya sa nake hana ta abin da na ba malamar makaranta. Ta ce Allah yana ganina. Mutanen da ke kan benci suka sa baki, wasu suna cewa in tausaya mata mana, minti nawa ne. Na kulle ɗakin eksire, na bar mai karaya yana jira, na ɗauki kazar da kaina na yi gaba. Dole ta biyo ni tana zagi, har ƙofar Likita. Na zauna a bakin ƙofar don kada ta fito ta gudu.

An yi mata aiki a satin. Cikin wata guda ƙanenta ya raka ta Legas, ni na kai su tasha na ga tashin jirgin. Ta dawo. Daga baya ɗanta ya sami aiki a gari, ta biyo shi, ta kama rumfar citta a kasuwar Kafanchan. Ba ta taɓa sauya ra'ayi ba: a wurinta ni ne mugun da ya hana ta haske mai sauƙi, ya tura ta ga wuƙa da doguwar hanya. Shekara ashirin da wani abu ina bi ta gaban rumfarta, ina cewa sannu da kasuwa, Mama, tana kau da kai. Ta aurar da jikoki biyu kafin ta rasu, ba ta gayyace ni ko ɗaya ba.